Ƙudan Zabo Mai Warin Daddawa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci kifi a ruwa, ya halicci ƙwaron da kifin zai ci, sannan ya bar wa irinmu ɗan abin da za mu kwaikwaya mu samu abin kai wa bakin salati.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a Woolwich, wasu daga cikinku, samarinmu, suka tare ni da waya a hannu, suna nuna mini wani Bature yana naɗa zare a jikin ƙugiya. Ɗaya ya ce, "Baba Habu, ashe wannan ce sana'ar da ka yi? Ai it's easy, zare ne kawai da gashin kaza." Na yi dariya na ce masa Allah ya yi maka albarka. Ban iya doguwar magana a tsaye ba, gwiwa ta hana, shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Ga yadda abin yake. Akwai wani kifi a ƙasar nan da ake kira trout, mai tsantseni ƙwarai, yana zaune a ruwa mai sanyi yana cin ƙananan ƙwari da ke faɗawa saman ruwa ko suke tasowa daga ƙasa. Masu fatsarsa ba sa sa masa tsutsa ko gurasa, a wurinsu wannan abin kunya ne. Sai a ɗauki ƙugiya tsirara, a yi mata sutura da zare da gashin tsuntsu da gashin dabba har ta yi kama da ƙwaro. Wannan shi suke kira ƙuda da yarensu, ko da bai yi kama da ƙudan da muka sani ba. Ɗaura shi ita ce sana'ata, tun farkon shekarun tamanin har zuwa ƙarshen na casa'in.

Ban zo London don ita ba. A Kano ɗinkin hula nake yi, kafin nan kuma na yi karatun allo, inda aka koya mini fiƙe alƙalami da riƙe hannu kada ya yi rawa. Da na zo nan aikin shara da goge tagogi na samu. Cikin shagunan da nake gogewa akwai na wani tsoho mai sayar da kayan kamun kifi, sunansa Mista Harold, gajere mai jan hanci, lofe ba ya barin bakinsa. Wata rana ina hutawa a bakin ƙofarsa ina ƙarasa wata hula, ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Ya karɓa ya juya ta ciki, domin mai sana'a bayan aiki yake dubawa. Ya ce, "Abu, idona ya fara gajiya. Kana so ka koyi wani ɗinkin?"

Aikin farko da ya ba ni, naɗa zare ne a ƙugiya daga kai zuwa gindi, kowane zagaye ya kwanta jikin ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba. In na gama sai ya ɗauki reza ya yanke, ya ce in sake. Haka muka cinye sanyin shekarar nan. Ni da nake ganin na iya allura, sai ga shi zare yana tsinke mini a hannu, tsinin ƙugiya yana yanka shi, yatsuna duk huji. Da na fara ɗaura gashi kuma, na yi wani ƙuda da nake ganin ya yi kyau, na cika masa ado kamar hular ango. Harold ya jefa shi a kofin ruwa, ya nutse kamar dutse. Ya ce, "Wannan mutum zai saya, amma kifi ba zai ci ba. Wa kake yi wa aiki a cikinsu?" Daga ranar na fara rage hannu. Hula ana ƙawata ta da ƙari, ƙuda kuwa da ragi.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙarfen da ake ɗaurewa a bakin tebur ya riƙe ƙugiya da haƙoransa, akwai almakashi mai siririn baki wanda ba a yarda ya taɓa waya ko takarda, akwai kakin zuma na shafa wa zare, da allura mai mariƙi, da ɗan man da ake ɗiga wa kan ƙuda ya bushe ya kulle ƙullin. Sauran duk gashi ne, aljihun tebur bayan aljihun tebur: wuyan zakara, jelar ɗawisu, kunnen zomo, wutsiyar kurege, kowanne da kafur a gefensa saboda asu. Masu wannan aiki suna lasar yatsa su kwantar da gashi. Ni ban san wanda ya yanka dabbobin nan ba, saboda haka na ajiye ɗan kofin ruwa kusa da ni. Akwai kuma wani tsohon ƙunshi na gashin alade da ake sa wa wasu manyan ƙudaje, na roƙi Harold ya ɗauke mini wannan, ya ce ba komai, shi zai riƙa yi. Shi ne kuma ya kwashe takalman roba daga kusurwar ɗakin ajiya ya ce in riƙa salla a nan. In mai saye ya tambaye ni a lokacin, sai ya ce, "Yana ganawa da Babban Maigida, jira za ka yi."

Masu saye iri-iri ne. Akwai wanda zai shigo da gidan ashana a hannu, ya buɗe a hankali, ka ga mataccen ƙwaro ya murƙushe, ya ce, "Wannan suke ci jiya, yi mini irinsa." Sai ka zauna ka ƙura masa ido, ka duba tsawon jelarsa da launin cikinsa, ka haɗa gashin zomo kala biyu ko uku a tafin hannu har launin ya fito. Akwai wani likita da yake sayen ƙudaje da yawa duk mako, ba don yana kama kifi ba, bishiyoyin bakin kogi ne ke cinye su in ya wurga ƙugiya. Akwai wata tsohuwa da ba ta sayen komai sai baƙin ƙuda ƙarami iri ɗaya, kuma ta fi mazan duka kamu.

Sai kuma Mista Len. Ya yi aiki a kamfanin motoci na Dagenham har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Abin da ya rage masa shi ne ƙungiyar masu fatsa ta wani babban tafki a Essex. Shi ke fentin jiragensu, shi ke dafa musu shayi. Duk shekara ƙungiyar tana gasa a ba wanda ya fi kamu kofi, shi kuwa tun yana saurayi yake shiga bai taɓa ci ba, kuma bai taɓa fushi ba. Kowace Asabar yana shagonmu, ko bai sayi komai ba.

Gashin zabo shi ya ɗaga ni, shi ya kuma kusa kayar da ni. Harold yana sayen na zabin gona, masu manyan ɗigo. Na ce masa zabin dajinmu ɗigonsu ya fi ƙanana, gashin kuma ya fi laushi. Na aika gida, wani likita ɗan ƙasarmu da ya dawo daga hutu ya kawo mini ɗan kaɗan a ambulan, tsaf da shi. Na ɗaura wani ƙuda da shi, jiki na kunnen zomo, wuya na zabo, in ya shiga ruwa gashin yana buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi. Harold ya tambaye ni sunan tsuntsun da Hausa, ya rubuta Zabo a jikin akwatin ƙudan, sunansa ke nan. Kafin bazara ta ƙare ƙungiyar su Len ta fara ba mu odar ƙudajenta na shekara, kuma wannan oda ita ke riƙe shagon a lokacin sanyi.

Da gashin ya ƙare na sake aikawa. Wannan karon ƙanin maiɗakina, Ɗanlami, shi ya zo yin kwas, surukata Inna kuma ita ta haɗa masa kaya. Kun san tsarabar gida. Kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, da bandar kifi manya. Inna mace ce mai dabara, ba ta son a yi asarar wuri a jaka. Ta ga kifin banda yana karyewa a hanya, ga kuma gashi mai laushi buhu guda, sai ta shimfiɗa gashin a ƙasa, ta jera kifin da daddawar a kai, ta cusa sauran gashin a tsakaninsu, ta ɗaure. Kifin ya iso flat ɗinmu na Thamesmead ko ƙaya ɗaya bai karye ba. Maiɗakina Hajiya ta yi ta sa wa uwarta albarka.

Na tsince gashin na kakkaɓe, na shanya a taga ya sha iska. Za ku ce ban ji wari ba? Wane wari? Abin da hancina ya ji ƙamshin gida ne, irin wanda ke tashi daga kicin ɗinmu kullum, yana jikin rigata da hulata. Harold kuwa lofe ya daɗe da kashe masa hanci, ko gas ne ke zuba ba ya ji. Gasar ta matso, Len ya ba da odar Zabo cikin akwatinsa na gwangwani. Na ɗaura masa su da kyau, na jera, na rufe murfin gam, akwatin ya yi kwanaki a kan kanta inda rana ke bugawa.

Ran Litinin bayan gasar Len ya shigo. Mun riga mun ji labarin ya ci kofi, ya kama kifin da ba a taɓa ganin ya kama ba, har Harold ya sayo kek. Amma fuskarsa ba ta mai murna ba ce. Ya ajiye akwatin a kanta ya ce, "Sun ce na yi maguɗi."

A gasar, mutum biyu ake haɗawa a jirgi ɗaya ta hanyar ƙuri'a. Abokin jirginsa ya kai ƙara cewa duk sanda Len ya buɗe akwati sai wani wari ya turnuƙe jirgin. Dokarsu kuwa a fili take: ba a shafa wa ƙuda komai mai wari don jan kifi, wanda ya yi an kore shi har abada, kuma za a sanar da sauran ƙungiyoyi. Len ya ce, "Na ji warin, na ɗauka wani sabon maganin asu ne kuke sawa. Ran Lahadi kwamiti zai zauna. Harold, in suka kore ni, ina zan riƙa zuwa?"

Harold ya cusa hancinsa cikin akwatin ya ce shi bai ji komai ba. Na karɓa na buɗe. A shagon nan, cikin warin roba da taba, nesa da kicin ɗin Hajiya, sai na ji shi sarai. Na ce, "Innā lillāhi. Miyar kuka."

Bayan Len ya fita na yi wa Harold bayani. Ya yi dariya har ya yi tari, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Abu, in aka ji daga shagon nan warin ya fito, an yi cancel ɗin odarmu. Ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba." Na ce masa a addininmu ba a ɓoye shaida, ga mutum za a ɓata wa suna a kan abin da bai sani ba. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa lofensa a bakin tebur. Ya ce, "To, ka sa hularka mai kyau."

Rigimar farko a gida na same ta. Na ce wa Hajiya ta ba ni kifi ɗaya da daddawa in kai shaida.

Ta ce, "Malam, daddawar da ta haye teku ita za ka kai wa Turawa su yi ta yatsina fuska?"

Na ce, "Dawo da ita zan yi."

Ta ce, "Bayan sun gama shinshinawa? Ɗauki ƙaramar. Kifin kuma mai karyayyar jela."

Na ce, "Ai babu wanda ya karye."

Ta kama jelar ɗaya ta karya, ta miƙo mini.

Maƙwabcinmu Issaka, mutumin Kumasi mai tuƙa motar haya ta minicab, shi ya kai mu ni da Len. Tun a hanya ya sauke gilasai duka. Ya ce, "Malam, wannan jaka ya fi ƙarfin mota na. Gobe passenger zai ce na ɗauki gawa." Len yana gaba, ya sa kwat da lakataya kamar mai zuwa kotu.

Kwamitin ya zauna a ɗakin katako na bakin tafki, da rana tsaka. Shugabansu tsohon ɗan sanda ne, dogo, mai magana a hankali, ga karensa kwance ƙarƙashin tebur, ga kofin a kai. Ya saurari mai ƙara, ya saurari Len, sannan ya ce wane ne ni. Na ce ni na ɗaura ƙudajen. Na ba su labarin Inna da dabararta da Turancina na shara, inda na maƙale Issaka ya cike, har da ƙarin da ban faɗa ba. Shugaban ya ce, "Kana nufin ka zauna da gashin nan a gabanka kana aiki, ba ka ji komai ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abincina ne. Mutum ba ya jin warin gidansu."

Issaka ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, "Su ma ɗakin nan yana warin jiƙaƙƙen kare, ba wanda ya ji."

Na buɗe jakar. Na fara fito da ragowar gashin, aka zagaya da shi hanci hanci, aka gwada da akwatin Len, aka yarda wari ɗaya ne. Sannan na kwance ledar kifin da daddawar. Sakatarensu ya miƙe ya buɗe taga. Mai ƙarar ya fita waje da hankici a baki. Karen kuwa ya fito daga ƙarƙashin tebur kamar an harbo shi, kafin a riƙe shi ya wafce kifin Hajiya ya yi bakin ruwa da shi. Shugaban ya bi shi da kira, kare ko waiwaye. Da ya dawo yana haki sai ya zauna ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa, daga nan ɗakin duka ya ɗauka.

Amma dariya ba ta share doka. Suka fitar da mu suka yi shawara. Hukuncin shi ne Len bai yi maguɗi ba, sunansa wankakke ne, yana nan a ƙungiya. Kofi kuwa ba zai riƙe ba, tunda ƙudajen sun saɓa ƙa'ida ko da bai sani ba. Shagonmu kuma an hana amfani da ƙudajensa a tafkin har shekara guda. Len ya ɗauki kofin da kansa ya miƙa wa wanda ya zo na biyu, ya wuce ya ɗora musu ruwan shayi.

Ko warin ne ya jawo kifin, ko ranar Len ce ta zo, Allah ne masani. Na tambayi masana da yawa, kowa da abin da yake faɗa.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekararmu. Oda ta tafi, kuma a lokacin ne ƙudaje masu araha da ake ɗaurawa a ƙasashen waje suka fara cika shaguna. Na koma goge tagogi da safe, in zo shago da rana. Harold ya daina kunna hita sai in mai saye ya shigo. Duk gashin da ya kwana kusa da na Inna muka fitar, na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, na ɗauraye, na shanya a kan jarida, na busar, na sake. Tun daga nan ban ƙara ɗaura gashin da ban wanke da hannuna ba, kuma in na gama sai na kai wa mai shagon jarida na kusa da mu ya shinshina, tunda an tabbatar hancina da na Harold ba abin dogaro ba ne.

Abin da ya ba ni mamaki a shekarar shi ne masu zuwa a ɓoye. Mutum zai jira shago ya yi shiru, ya matso ya rage murya ya ce, "Akwai sauran na wancan gashin? Ba don gasa ba, don kaina kawai." Har da mutum biyu da na gani da idona a teburin kwamiti. Da na yarda da mun fita daga talauci a wata guda. Na ce musu an wanke, kuma ko ba a wanke ba, ni ƙuda nake sayarwa, mai son miya ya je kasuwar Woolwich. Len kuwa bai fasa zuwa ba ko Asabar ɗaya. Yana sayen ƙudajen da ba zai iya amfani da su a tafkinsu ba, yana jawo tsofaffin abokan aikinsa na Dagenham su zauna a bayan shago in koya musu ɗauri, su biya abin da ya sawwaƙa. Da wannan muka ga bazara.

Da shekara ta cika aka ɗage hanin, oda ta dawo, ko da ba ta kai ta da ba. Gasa ta zagayo, Len ya ce Zabo zai yi amfani da shi ba wani ba. Issaka ya kai shi, shi ya ba mu labari. Wai kafin a shiga jirage Len ya buɗe akwatinsa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana kai musu hanci, har da shugaban, har da karen. Aka wuni a ruwa. Kifi ɗaya tak ya kama, ya zo kusa da na ƙarshe.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar flat ɗinmu da kifin a naɗe cikin jarida. Ya ce an gaya masa kare ya cinye na Madam, ga ramuwa. Hajiya ta duba kifin ta juya shi, ta ce mini, "Gaya masa ba a kawo mana kifi a tsaya a ƙofa." Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da kifin a ciki, ta sa daddawa ba ta rage hannu ba. Na nuna masa yadda ake wanke hannu a yanko loma. Ya kai ta farko baki da tsoro, ya tauna. Ya kai ta biyu. Gumi ya karyo masa saboda yaji, ya kwance lakataya ya ci gaba. Sai da ya suɗe kwanon sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Abu, ban ga laifin kifayen nan ba. Da ni ne a ruwan, ni ma da na haɗiye."

Na fassara wa Hajiya. Ta karɓi kwanon, ta ƙaro masa.